Kyandir a Cikin Garwa

A lungun da ke bayan injin niƙa, idan aka tambayi mutum yadda aka ci abinci a shekarar da ruwa ya karya gada, ba ya fara ambaton ruwan, ba ya kuma ambaton gadar. Gida ɗaya yake nunawa, na ƙarshe a hannun dama, mai ƙofar kwano da aka yi wa faci har facin ya fi ainihin ƙofar yawa. A nan wata dattijuwa take zaune, wadda manya da yara suke kira Goggo, ko da yake a duk lungun babu wanda ta haɗa jini da shi in ban da 'yarta. Abin da ke tafe an tattaro shi ne daga bakinta, da bakin 'yar tata, da na maƙwabtan da suka ga abin da idonsu. Inda maganarsu ta saɓa, an faɗi saɓanin.

Goggo ta shigo lungun tana amarya, kuma mijinta bai daina kiranta Amarya ba har gashin kanta ya yi fari. Shi mai liƙin dalma ne. Rumfarsa tana tsallaken gada, a bakin kasuwa, inda ake kawo masa bokitin da ya huje, da butar da hancinta ya cire, da fitilar da ke yoyon kananzir. Mutum ne mara yawan magana, mai dogayen yatsu da tabon ƙuna a kowanne. Ba marowaci ba ne, kuma ya kamata a faɗi wannan tun da wuri, domin abin da zai biyo baya yana iya sa a zarge shi da rowa. Yakan gyara wa tsofaffi kaya ya ƙi karɓar komai, yakan kuma tura kwanon abincinsa gaban baƙo ya ce shi ya ƙoshi.

Sai dai akwai wata shekara da ya zo da ita daga ƙuruciyarsa. Bai taɓa faɗin wace shekara ba ce, bai kuma faɗi sunan garin ba. Abin da Goggo ta sani shi ne, a shekarar mahaifiyarsa ta share ƙasan rumbu, ta tankaɗe ƙurar, ta dafa abin da ya rage a rariya. Kasuwa ta mutu, maƙwabta suka rufe ƙofa, ƙanwarsa da yake goyo ta daina kuka, daga baya ta daina komai. Sau ɗaya ya ba ta labarin, a farkon aurensu, yana kallon hannunsa. Daga nan idan zai ambaci abin sai ya ce "ranar" kawai. Ya yi imani ranar za ta dawo, kuma ya ƙudura ba za ta same shi hannu sake ba.

A bayan gidan akwai wani ɗan ɗaki mara taga. Shi ya mayar ma'ajiya. Duk lokacin da hatsi ya yi araha sai ya sayo abin da ya samu, masara ko shinkafa ko wake, ya shanya a tsakar gida har ƙwaya ta riƙa ƙara idan an ciza. Sai ya ɗauko garwar kananzir da ya wanke da toka ya bar ta ta sha rana, ya cika ta, ya bar ɗan sarari a sama. A kan hatsin yakan ɗora ƙaramin murfin kwalba, ya kafa guntun kyandir a kai, ya kunna. Yana cikin ci zai kifa murfin garwar, ya zaro ƙarfen liƙi daga gawayi, ya zagaye bakin da dalma, siririya kamar zare, ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Ranar da Goggo ta fara ganin haka, tana tsugune kusa da shi tana hura masa gawayi, ta ce, "Malam, kyandir ɗin fa? Ka rufe shi da wutarsa."

"Aikinsa ke nan," in ji shi. "Zai cinye iskar da ke ciki, ya mutu. Ƙwaron hatsi ma sai ya rasa abin shaƙa."

"Ka taɓa ganin mutuwar tasa?"

Ya yi 'yar dariya. "Ta ina zan gani, Amarya? Ai na riga na rufe."

Wannan amsa ta zauna mata. Ta san abin da ya faɗa gaskiya ne, ba ta kuma taɓa musa masa ba. Amma da rana tsaka, idan ya tafi rumfa, gida ya yi tsit, takan shiga ɗakin ta zauna a kan kujerar tsuguno. Hasken rana yakan zubo ta ramukan ƙusa na rufin kwano, ɗigo-ɗigo, ya sauka a jikin garewanin da aka jera har sama. A irin wannan lokaci takan ga kamar hasken daga ciki yake fitowa. Takan ga kowace garwa ɗaki ce mai fitilarta, hatsi yana kwance a ciki yana barci, wutar tana tsaye a kansa tana gadi, ba ta raguwa, ba ta kaɗawa. Ɗakin yana ƙanshin ƙarfe da ƙura mai sanyi. Ta ce a nan ta yi renon cikin 'ya'yanta, a nan kuma ta yi kukan waɗanda ba su zauna ba. Ɗaya ce ta rayu, ita ake kira Auta, ko da yake babu yayyen da za a nuna.

Shekaru suka yi ta wucewa, garewani suka yi ta ƙaruwa, har yaran lungu suka sa wa mijin suna Baba Garwa, manya kuma suka ɗauka. A ƙarshen kowane mako yakan shiga ɗakin, ya ɗaga kowace garwa da hannunta ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa gefenta ya saurara, ya ajiye. Idan ya fito fuskarsa takan saki kamar ta wanda ya gana da iyayensa ya same su lafiya.

Wahalhalu sun zo, kamar yadda suke zuwa ko'ina. An yi shekarar da damina ta yi gardama, farashi ya haura. An yi lokacin da wata cuta ta sa aka rufe kasuwa, mutane suka zauna a gida suna leƙen juna ta ƙofa. An yi lokacin da manyan motoci suka daina shigowa. A kowanne Goggo takan dube shi, shi kuma ya fita bakin ƙofa, ya tsaya, ya saurara. Muddin ya ji ƙugin injin niƙa ta bayan bango, sai ya dawo ya girgiza kai.

"Ba ita ba ce," yakan ce. "Wannan ƙunci ne, zai wuce. Ranar da nake gaya miki, injin can ma shiru zai yi."

Kuskuren Baba Garwa, idan kuskure ne, shi ne ya ga babbar yunwa da wuri, saboda haka kowace yunwa bayanta sai ta zame masa ƙarama.

Akwai wata maƙwabciya da ake kira Mai Wanki, domin wankau take yi wa gidajen ma'aikata. Mijinta magini ne, ya faɗo daga saman gini ya kwanta, ga yara ƙanana. Wata rana da hantsi ta shigo aron gishiri. Goggo ta ba ta. Ba ta tafi ba. Ta tsaya da gishirin a tafin hannu tana kallon tukunyar da ke kan wuta, tana zancen zafin rana. Goggo ta gane cewa wanda ke da abin da zai sa wa gishiri ba ya tsayawa haka.

Da yamma ta yi wa mijinta magana. Ya ce a kai musu rabin abin da aka dafa, gobe ma haka. Ta ce, "Malam, garwa ɗaya za ta riƙe su har mijin ya tashi."

"Idan na buɗe ɗaya don Mai Wanki, gobe zan buɗe don wani, kuma da gaskiyarsa," in ji shi a hankali. "Ranar ta zo ta tarar da ɗaki fanko. Ki yi haƙuri, Amarya. Komai nawa ki bayar. Ban da ɗakin."

Washegari, bayan ya haye gada, ta ɗauko tsohon ƙarfen liƙin da yake ajiyewa a gida, ta cusa shi cikin garwashin girki. Shekara da shekaru tana hura masa wuta, idonta ya haddace aikin, hannunta ne bai sani ba. Ta jawo garwa daga layin baya, ta narkar da dalmar, ta ɗaga murfin. Guntun kyandir ɗin yana nan a kan murfin kwalbarsa, lagwaninsa baƙi, a mace. Ta ce ta daɗe tana kallonsa. Daga baya ta gaya wa ranta cewa iskar buɗewar ce ta kashe shi, yanzu-yanzu, kafin idonta ya kai.

Ta juye masarar a zani ta kai wa Mai Wanki ta ƙofar baya. Sai matsala ta taso: ƙarshen mako yana tafe, kuma hannun Baba Garwa ya san nauyin kowace garwa. Ta ɗebo yashi daga tulin da magina suka bari, ta wanke, ta shanya, ta cika garwar, sai ta ji ta fi 'yan'uwanta nauyi nesa ba kusa ba. Ta rage yashin, sai ta yi ƙarar fanko. A ƙarshe ta roƙo ƙaiƙayi a wurin mai injin niƙa, ta riƙa gaurayawa da yashin kaɗan-kaɗan, tana ɗagawa da wannan hannu, tana ɗaga ta gaskiya da wancan, har suka yi daidai a nauyi da amo. Kafin ta rufe, ta mayar da murfin kwalba, ta kafa guntun kyandir, ta kunna. Dalmarta ta fito da kauri, gudaji-gudaji. Ta shafa mata baƙin tukunya, ta tura garwar can ƙurya.

Ƙarshen mako ya zo. Ya shiga, ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa, ya fito da sakakkiyar fuska. Ita kuwa tana bakin murhu tana satar kallonsa.

Da mijin Mai Wanki ya tashi, wata safiya Goggo ta tarar da kwano a rufe a bayan ƙofa, cike da sabuwar masara. Ta sake buɗe garwar, ta zubar da yashin, ta zuba hatsin. Ta ɗauka an gama. Amma irin wannan magana ba ta zama a bakin mace ɗaya. Sannu a hankali ya zama abin da matan lungun suka sani, mazansu ba su sani ba: wadda gidanta ya ƙafe sai ta zo aron gishiri, ta tsaya. Goggo ba ta tambaya. Wadda ta samu daga baya sai ta ajiye kwano a bayan ƙofa. Wadda ba ta samu ba, ba a tuna mata. Wasu sun tashi daga lungun, wasu sun rasu, wasu har yau ba su samu ba. Saboda haka garewanin yashi suka riƙa yawa, kuma da tafiya ta yi nisa Goggo kanta ta daina sanin wacce ce wacce. Dalmarta tana kan wasu masu hatsi, tana kan wasu masu yashi. Idon Baba Garwa kuma ya fara dushewa, ɗakin ga duhu, nauyi da amo kawai yake bi.

Auta ta girma, ta zama ma'aikaciyar asibiti, tana zaune tare da su. Ita ce ta kama uwarta wata rana da ƙarfen liƙi a hannu, hayaƙi na tashi.

"Inna! Me nake gani haka?"

"Rufe bakinki, ki riƙe mini murfin nan."

"Wallahi ranar da Baba ya gano, ni dai ba na gida. Ki gaya masa mana, tun bai ji a wani wuri ba."

"Zan gaya masa."

"Yaushe?"

"Idan na mayar da na yashin duka."

Ta yi niyyar hakan da gaske. Sau da yawa ta shirya maganar a bakinta, sai ya shigo ya ce, "Amarya, sannu da gida," sai maganar ta koma. Ba duka take tsoro ba, bai taɓa ɗaga mata ko murya ba. Tsoronta shi ne mutumin nan abu biyu ya dogara da su a duniya, ɗakin da ita, kuma magana ɗaya za ta rushe masa duka biyun.

A shekarar da ake magana, ruwan sama ya yi ta zuba a can sama da kogi, inda mutanen lungun ba su gani ba. Wata safiya masu sammakon kasuwa suka isa bakin gada suka tarar tsakiyarta babu, ruwa ja yana wucewa ta wurin da itatuwa a bayansa. Hanyar baya ma ta nutse. Unguwar ta zama tsibiri. Kasuwa tana tsallake, ana hango rufin rumfunanta kamar a mafarki, ba a isa gare ta. Kantunan unguwa suka ƙare kayansu. Mata suka daina zuwa aron gishiri, domin Baba Garwa yana gida, zaune a bakin ƙofa daga safe zuwa yamma, kansa a karkace yana saurare. Ƙugin injin niƙa ya riƙa raguwa, yana yi yana tsayawa, har wata rana hantsi ya ɗaga bai tashi ba.

Baba Garwa ya shiga ɗaki, ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya fito. Auta ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda ya daɗe yana jiran baƙo a tasha, ya hango shi.

"Amarya," ya ce, "ita ce. Hura mini gawayi. Auta, je ki gaya wa Tela ya kira mutane, kowa ya zo da kwanonsa."

Goggo ta matso kusa da shi. Ta buɗe baki ta ce, "Malam," ya ce, "Na'am," tana kallonsa da rigar nan, sai ta ce, "Gawayin ya ɗan jiƙe." Ta tsuguna ta hura.

Tsakar gida ta cika. Tela, maƙwabcinsu na gaba, mutum mai bakin barkwanci, ya leƙa ɗakin ya ja da baya yana riƙe da hularsa. "Kai! Baba Garwa, ni na ɗauka sai an tashi duniya za mu ga cikin ɗakin nan. Ashe muna da rabo."

"Fito da su dai, bakinka ba zai cika kwano ba," in ji Baba Garwa.

Aka ajiye masa ta farko. Ya bi bakinta da babban yatsa, ya ɗora ƙarfe, dalma ta narke ta gangara. Shinkafa ce, fara tas, da guntun kyandir a kai. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Ta biyu wake. Mazan suna murna, matan kuwa sun yi cirko-cirko a jikin bango, babu mai kallon wata.

Aka ajiye wata daga layin baya. Yatsansa ya fara zagaya bakin, ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi.

"Wannan ba hannuna ba ne," ya ce.

Ya ɗora ƙarfen, ya ɗaga murfin, ya tura hannu. Ya ɗago da cikin tafinsa, ya matso da shi kusa da idonsa, yashi da ƙaiƙayi suna zuba ta tsakanin yatsunsa. Tela ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta taka masa ƙafa.

Mai Wanki ce ta fito daga jikin bango. Ta tsufa a lokacin, hannuwanta duk sun tsage da sabulu. Ta durƙusa ta ce, "Baba, masarar garewanin nan tana jikin 'ya'yana. Ga babban can a bakin ƙofa, dubi kafaɗunsa. Idan laifi ne, da ni aka fara."

"Da ni ma," in ji wata. "Har sau biyu," in ji wata daga baya. Matar Tela ta ce, "Da mu."

"Mu?" in ji Tela. "Mu wa? Yaushe?"

"Lokacin da ka kwanta da ciwon baya. Kana tsammanin daga keken ɗinkinka abincin yake fitowa?"

Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Baba Garwa bai dubi kowa ba. Yatsunsa sun taɓo wani abu a cikin yashin, ya ɗago shi: murfin kwalba da guntun kyandir, lagwaninsa baƙi. Ya juya wajen da yake jin hucin gawayi.

"Ke kika yi?"

"Ni ce, Malam."

"Har yashin kika kunna wa kyandir?"

"Na kunna."

"Don me? Ƙwaro yana cin yashi ne?"

Goggo ta ce, "Na ga bai kamata ita kaɗai ta zauna a duhu ba."

A nan masu ba da labarin suka saɓa. Tela ya ce ya ga hawaye a idon dattijon. Auta ta ce hayaƙin gawayi ne, ta san idon ubanta. Abin da suka haɗu a kai shi ne, ya ajiye guntun kyandir ɗin a aljihun rigarsa, ya ce, "A kawo ta gaba."

Haka aka yi ta buɗewa har rana ta karkata. Kowace garwa sai ya shafa bakinta tukuna, ya ce "hannuna ne" ko ya yi shiru. Na yashin sun fi yadda Goggo ta yi fata, ba su kai yadda ta ji tsoro ba. Waɗanda ke ɗauke da dalmarta kuma da hatsi a ciki, hatsin sabo ne, domin an ci na da an mayar da wani. Nasa na farko-farko, da babu wanda ya taɓa tun Auta ba ta zo duniya ba, ƙwaro bai shiga ba ko ɗaya, liƙinsa bai ci amanarsa ba. Sai dai ƙwayar ta yi toka-toka, ta taurare kamar tsakuwa, sai an jiƙa ta kwana an yini ana dafawa, ga warin ƙarfe. An ci duk da haka, an kuma gode. Adalci shi ne a ce ba don tarinsa ba da babu abin da za ta bayar, kuma da hatsin hannu biyun nan lungun ya rayu har jiragen ruwa suka fara kawo kaya. Garewanin yashi kuwa samari suka jera su a bakin lungu don tare ruwa. Har yau akwai masu cewa su suka hana ruwan shiga gidaje. Mai yiwuwa ne, amma waɗanda suka lura da alamar ruwa a bangon injin niƙa sun ce a lokacin ruwan ya riga ya fara ja da baya.

Lungu ya tsira, gidan ƙarshe kuwa ya yi sanyi. Baba Garwa bai yi faɗa ba. Yana cin abin da aka ba shi, yana amsa gaisuwa. Amma sunan nan, Amarya, ya ɓace daga bakinsa. Idan yana son ruwa sai ya ce, "Auta, a ba ni ruwa," ko da Auta tana asibiti. Sau ɗaya ya yi wa 'yar tasa maganar, ya ce ba hatsin ne ya dame shi ba. "Duk mako ina shiga in ɗaga yashi, in gode wa Allah, in fito da kwanciyar rai. Tana kallona." Da Auta ta kawo wa uwarta wannan magana, Goggo ba ta kare kanta ba. Ta ce yana da gaskiya. Ta kuma ce da Mai Wanki za ta sake tsayawa da gishiri a hannu, da ta sake hura ƙarfen. Ta riƙa shiga ɗakin da rana tsaka kamar da, amma yanzu kusan fanko ne, ɗigon hasken yana sauka a ƙasa.

Ruwa ya tafi da rumfarsa, saboda haka da ƙasa ta bushe sai ya baje kayan aikinsa a tsakar gida. Ya ɗauki ɗaya daga cikin garewanin da aka buɗe ya yi ta juya ta, yana yanka, yana bubbugawa, ba ya gaya wa kowa abin da yake yi. Da ta fara kama siffa sai aka ga garwa ce mai murfi a sama wanda ake ɗagawa, da wata 'yar ƙofa a ƙasa, mai zamewa, daidai shigar ludayi. A zuba sabo ta sama, tsoho ya fita ta ƙasa. Saura ya liƙe bakin 'yar ƙofar. Ya zaro ƙarfe daga wuta, ya kai, idonsa bai ga layin ba. Dalma ta ɗiga a ƙasa. Ya mayar da ƙarfen, ya sake, ta sake ɗiga. Ya zauna, ƙarfen yana hucewa a hannunsa. Goggo tana can gefe tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba.

"Amarya," ya ce.

Waken ya zube daga farantin.

"Zo ki riƙe wannan. Amma tsaya tukuna. Dalmar nan taki, kamar kaza ta bi ta kan murfi. Wa ya koya miki?"

"Kai, Malam."

"Ni? Allah ya kiyaye. Ban taɓa koya wa kowa ɓarna ba. Goge bakin ƙarfen. Kada ki tula, ba miya kike zubawa ba. Ki ja sau ɗaya, kada ki ɗaga hannu." Ya ɗora yatsunsa a bayan hannunta, suka ja tare. Da ta huce ya shafa, ya taɓe baki. "Da sauranki. Ɗauko wata."

Bai taɓa cewa ya yafe ba, ita ma ba ta taɓa roƙa ba. Sun mayar da garewanin da aka buɗe masu ƙofa, shi yana yanka, ita tana liƙi. Irin wannan garwa ba ta bukatar kyandir, domin hatsin da ke motsi ƙwaro ba ya samun zama a cikinsa. Yau kusan kowane gida a lungun yana da ita a bayan ƙofa, kuma mai zuwa aron gishiri a gidan Goggo ba ta bukatar tsayawa, ludayi yana rataye a wurin.

Baba Garwa ya rasu bayan 'yan damuna, Allah ya jiƙansa. Ya bar garwa ɗaya a liƙe. Ita ce ta farko da ya taɓa liƙewa, wadda ya rufe ranar da Goggo ta tambaye shi ko ya taɓa ganin mutuwar kyandir. Ranar rabon ya shafa bakinta ya ce a mayar da ita, bai faɗi dalili ba. Tana nan a ƙuryar ɗakin, dalmarta siririya kamar zare. Auta ta ce abin da ke ciki ya zama ƙasa, gara a buɗe a yi amfani da garwar. Goggo takan ce to, ba ta buɗewa.

Da la'asar takan shiga ta zauna a kan kujerar tsuguno, ta ɗora tafin hannunta a jikin garwar. Ta ce kullum da ɗumi take jin ta. Gaskiya ne bangon da garwar ke jingine da shi yana shan rana tun daga azahar. Goggo ta san da haka, ita ce ma ta fara faɗa.